Saƙo Daga Alhaji

Ƙofar Na'isa, Kano.
Janairu, 2015.

Zuwa ga ƙanena Nata'ala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zubaida da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ta ƙi rabuwa da ni.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Kai ka hana ni. Duk ranar da na kira ka da magana mai nauyi sai ka ce, "Yaya, ga 'yan sanda a gaba," ka kashe. Takarda kuwa ba a kashe ta. Shi ya sa na ba direban da ke sauke muku kaya a Agege ya miƙa maka hannu da hannu.

Maigidanka Alhaji Hambali ya shigo Kano ɗaurin aure, ya biyo ya gaishe ni kamar yadda ya saba tun rasuwar maigidana Malam, amininsa. Cikin hira ya ce ya buɗe sito a nan, yana neman direban da zai riƙa kai wa mutane kaya har gida a ƙaramar motar ɗaukar kaya, kanta: firiza, keken ɗinki, janareta da irinsu. Wallahi ban roƙe shi komai ba. Fura na dama masa, da nono mai kyau. Sai kawai na ba shi labarin yadda ɗanka ya gaishe ni a waya ya ce mini "Anti", na share ido da bakin mayafi. Bai kai ƙasan ƙwarya ba ya ambaci sunanka da bakinsa. Har yanzu yana ganin shi ya yi tunanin, kada ka gyara masa.

Nata'ala, ka dawo gida. Furfura ta fito maka a kan hanyar Legas. Duk sanda aka ce tirela ta faɗi a wajen Jebba ba na iya cin abinci sai na ji muryarka. Ga aiki da za ka fita da safe, ka yi Magariba a masallacin unguwa, yaranka su san Goron Dutse da idonsu ba a bakinka ba.

Har ciniki na samo wa sabon siton. Binta ta Mandawari, matar Malam Maharazu mai turare na Kurmi, ta biya babbar firiza. Zoɓo da ƙanƙara take so ta fara kafin zafi ya kama. Ni na haɗa su, ni na tsaya mata, don haka kada ka ba ni kunya.

A gaida Zubaida. Ka ce mata ta fara rage tarkace.

Yayarka,
'Yardada.

* * *

Agege, Legas.

Zuwa ga Yaya 'Yardada,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode, Allah ya bar zumunci. Zubaida tana gaishe ki. Tun da na karanta mata take ɗaure kwanuka.

Yaya, Alhaji ya yi mini maganar. Na amsa, amma da tsoro. Kin san ina yaro aka ɗora ni a bayan mota aka kawo ni nan. Hanyar Legas zuwa Kano na san kowane rami nata. Amma cikin badala baƙo ne ni. In na wuce gidanki da Kurmi, shi ke nan. Kuma abin kunya ne mutum da bakin Kano ya tsaya yana tambayar ina ne Mandawari.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne wayar da Alhaji ya raba mana, mai taswira. Wai tauraron ɗan'adam ne yake kallon inda kake daga sama. Mai kaya zai tsaya a gidansa ya danna, ya turo abin da suke ce wa lokeshan, sai wani jan ɗigo ya fito. Kai kuma shuɗin ɗigo ne. Aikinka kawai ka bi zane har shuɗi ya hau kan ja. Akwai wata mata a ciki mai Turanci, tana cewa yi dama, yi hagu. Ba ta gajiya, ba ta fushi. In ka ɓata ba ta ce maka ƙauye, sai ta sake nemo wata hanyar.

A nan ta yi mini rana sosai. Da, in an ba ni kaya zuwa Ikorodu, sai na wuni ina sauke gilashi ina tambaya, wani ya nuna gabas wani yamma, mai yana ƙonewa. Yanzu har cunkoso take nunawa tun kafin in shiga. Ranar nan na kai injin niƙa wata unguwa da ko sunanta ban iya faɗa ba, ban tambayi kowa ba.

Alhaji ya ce gwaji ne. Zan zo ni kaɗai in fara. In babu ƙorafi, kanta tawa ce, in kwaso iyali. In an samu ƙorafi, in koma doguwar hanya. Kin san shi, ba ya maimaita magana. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Nata'ala.

* * *

Legas.
Fabrairu, 2015.

Zuwa ga Hajiya 'Yardada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya tare da iyali.

Na fi son in sa wannan a rubuce, domin magana ce ta amana.

Aikin Nata'ala a Kano ya fara da kyau. Ya kai kaya Bompai, Sharaɗa, Hotoro da Na'ibawa, ko'ina a kan lokaci, babu wanda ya yi kuka. Man da ya sha ma bai kai abin da na ware ba. Har na fara shirin bar masa makullin gaba ɗaya.

Sai ga Malam Maharazu ya je sito yana faɗa, ya ce firizar iyalinsa ba ta iso ba. Nata'ala ya rantse ya kai. Na duba wayarsa da kaina, ta nuna ya je daidai wurin da matar ta turo. Takardar karɓa kuma ta dawo da dangwalen yatsa, alhali an ce mini Binta ta yi makaranta, hannu take sawa.

Ban ce ɗan'uwanki ya ci amana ba. Na daɗe da shi, ban taɓa kama shi da komai ba. Amma kaya sun fita daga sitona, mai su bai gan su ba, kuma wannan ƙorafi ne. Na dawo da shi Legas, na karɓi makullin. Akwai wani direba da ake yi mini magana in ba shi kantar, na ce a jira zuwa ƙarshen wata.

Ke kika kawo mai sayen, ke kika tsaya wa direban. Ina sauraronki.

Wassalam,
Alhaji Hambali.

* * *

Agege, Legas.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba ni da bakin magana a waya, shi ya sa na rubuto. Zubaida ta kwance kwanukan da ta ɗaure.

Ga yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Ranar Talata da hantsi na tsayar da kanta a bakin titin Mandawari, don lungun ba ya cin mota. Na ɗauki 'yan dako da kura, muka ɗora firiza. Ni a gaba da waya a hannu, su a baya. Muka yi ta karya kwana har shuɗi ya hau kan ja. A nan lungun ya ƙare, ƙofa ɗaya ce tak a wurin. Na kira lambar Binta don in ce mun iso, a kashe.

Na tsaya a zaure na yi sallama. Wata dattijuwa ta amsa daga ciki. Na ce, "Nan ne gidan Hajiya?" Ta ce nan ne. Yaya, kin san ba zan tsaya a ƙofar mutum in ɗaga murya in kira sunan matarsa ba, ba haka aka rene mu ba. Na ɗauka surukarta ce.

Na ce, "Saƙo ne daga Alhaji."

Ta ce, "Alhajin namu?"

Na ce, "Shi."

Sai guɗa ta tashi. Kafin mu sauke, mata sun cika gidan ta ko'ina. Aka ce 'yan dako su shiga da ita, ni na tsaya a zaure. Na miƙa takarda ta bayan labule, ta dawo da dangwale, da baƙin tukunya ma aka yi shi. Aka ba ni goro. Dattijuwar ta ce, "Ka gaya wa Alhaji, lungun nan kaf nasa ne, maza da mata." Na ji daɗi ƙwarai. Har na bugo wa Alhaji na ce ya ƙaro kaya, mun samu kasuwa a cikin gari.

Na so in koma in nuna gidan, Alhaji ya ce in hau motar dare in taho, kada rigima ta tashi da Malam Maharazu. Ko da na koma ma, waya can za ta sake kai ni.

Ban ci kayan kowa ba, Allah shaida ne. Abin da ke damuna, ban san inda na yi kuskure ba.

Ƙanenki,
Nata'ala.

* * *

Ƙofar Na'isa, Kano.

Zuwa ga Alhaji Hambali,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina tambayar iyali da kasuwa. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya daga ido da hannu.

Ka ce kana saurarona. To ka gyara zama, Alhaji, ka sa a kawo maka shayi.

Na ja gwiwata na tafi gidan Binta. Na same ta ta cika ta batse. Ko tabarma sai da na shimfiɗa wa kaina.

Ta ce, "Hajiya, da na san ƙanenki ne zai kawo, da na ɗauko abata a ka."

Na ce, "Da kin burge Mandawari. Nuna mini inda kika tsaya kika tura abin nan."

Ka san gidajen cikin gari, Alhaji, a cikinsu ka tashi. Na Malam Maharazu dogo ne kamar hanji: zaure, soro, wani soron, sannan tsakar gida, sannan ɗakuna. Ta ja ni har can ƙurya, jikin katangar baya, wajen murhu. Ta ce duk gidan nan ne kaɗai waya ke kamawa. Na ce to ranar me ya sa aka kira ki a kashe? Ta ce taransifomarsu ta ƙone tun Mauludi, caji sai an kai shago.

Tana cikin mita sai ta ce, "Wasu dai da sa'a aka haife su. Kin ga Uwa ta bayanmu, mai daddawa? Tana zaune ɗan takara ya aiko mata da firiza, irin tawa sak. Ni da kaina na taka turmi na leƙa ta katanga na yi mata barka."

Na ce, "Allah sarki. Yaushe?"

Ta ce, "Ranar da nake zaman jiran tawa mana. Abin haushi."

Alhaji, na kalli katangar nan, na kalli Binta. Na shanye kununa, na ce zan leƙa wata dubiya in dawo.

Daga ƙofar Binta zuwa ƙofar Uwa sai ka fita titi, ka wuce masallaci, ka sake shigowa ta wani lungun. Na yi gumi kafin in isa. Amma daga murhun Binta zuwa ɗakin Uwa, kaurin katanga ne kawai. Tauraron nan naku daga sama yake leƙe, ya ga inda mace take zaune, bai ga ta inda ake yi mata sallama ba.

Na samu firizarka a ɗakin Uwa an lulluɓe ta da zanen Sallah. Mata na shiga da fita da robobin ruwa. Aka ba ni labari tun kafin in zauna: wai har wakilin ɗan takarar ya zo, aka yi masa godiya, ya sunkuyar da kai ya ce ai ƙaramin aiki ne, somin-taɓi.

Uwa ta dube ni sau ɗaya, ta sallami matan, ta saki labule.

Ta ce, "Yarinya, kin zo ɗaukar kayanku."

Ni da na shirya zagaye-zagayena tun daga hanya, sai ga shi ta riga ni.

Ta ce, "Tun da soja suka koma bariki nake karɓar rabo. Sabulu, taliya, wata shekara rabin turmin atamfa. Ranar dai murna ta ɗebe ni. Da wakilin nan ya zo na ce ya nuna mini yadda ake rage sanyinta, sai na ga yana lalube, yana neman ƙofar firizar ta gefe. A nan na gane. Amma wa zan gaya wa? An yi guɗa, an zo barka har daga Goron Dutse. Abu ɗaya nake roƙo. Ku bari sai ranar da lungu ya tafi biki, ku fitar da ita ba mai gani. Zan ce ta lalace an kai gyara."

Ta faɗi haka tana gyara wa firizar zane. Ni kuma kunnena yana wani wurin. Abar tana ta gurnani a hankali, ƙwan ɗaki yana ci da rana tsaka. Na ce, "Uwa, haka kuke samun wuta a nan?" Ta ce ai layinsu ɗaya da wani asibiti, ba a cika ɗaukewa ba.

Na buɗe firiza na ɗauko ƙullin ruwa da ya zama dutse. Na ce Uwa ta ƙwala wa Binta kira. Da kanta ya bayyana a saman katanga na miƙa mata.

Ta ce, "Hajiya! Me kike yi a nan?"

Na ce, "Dubiya. Riƙe wannan, ƙanƙararki ce ta farko. Kada ki yi ihu, sauka ina zuwa."

Ba zan ɓoye maka ba, da na koma sai da aka kai ruwa rana. Binta ta ɗauki mayafi wai yanzu-yanzu za ta je ta kwaso abarta. Na ce, "Bismillah. Ki kwaso ta ki ajiye kusa da murhu, ta yi miki akwatin zannuwa har ranar da masu wuta suka tuna da ku. Ga zafi nan ya fara leƙowa. Kafin nan Uwa ta shiga bakin duniya, ke kuma ki zama wadda ta yi wa tsohuwa barka da safe ta tsiraita ta da yamma."

Ta zauna. Ƙanƙarar tana hannunta tana ɗiga, ta ƙi ajiyewa.

Malam Maharazu ya dawo daga kasuwa muka sa shi a ciki. Shi damuwarsa abin da mutane za su ce. Na ce, "Malam, cewa za su yi matarka tana kai zoɓo sanyi wurin maƙwabciya. Wannan har lada ne." Ya ce to ƙarya fa? Na ce ba mu ce wa kowa komai ba, wakili ne ya amsa godiya, ya ji da ita. Da aka tambayi Uwa batun ƙuri'un da ta yi alkawari, cewa ta yi ai a bayan labule ake dangwalawa.

Ga inda aka tsaya. Firiza ta Binta ce, an sa mata kwaɗo, makulli ɗaya a wurinta ɗaya a wurin Uwa. Za ta zauna inda take har a gyara wuta, in ma an gyara sai a sake shawara. Binta na dafa zoɓo ta ƙulla, a zura a bokiti ta katanga. Uwa na sayar wa lungunta, a dawo da saura a sayar a na Binta, Uwa tana da kasonta. Kasuwa biyu ke nan da firiza ɗaya. Jiya da na leƙa, kafin La'asar babu ko ƙulli. Ga takardar Binta nan na haɗo, da sa hannunta, ta karɓi kayanta lafiya. Malam Maharazu ya ce a ba ka haƙuri kan faɗan sito.

Yanzu batun ƙanena. Alhaji, yaron nan da ya bar Kano bai san hagu da dama ba, ya kai kaya har ƙuryar Mandawari bai tambayi kowa ba, ya sauke su taku kaɗan daga inda aka danna. Wayar ta yi aikinta, ka riƙe ta da kyau. Laifinsa ladabi: ya ƙi kiran sunan matar aure, ya ce Hajiya, a garin da ko kaza ka jefa kan Hajiya za ta sauka. Ya kuma ce Alhaji a lokacin zaɓe. Wanda ake yi maka magana a kansa, in ka tura shi, bakin titi zai tsaya yana danna ham.

Gyaran mai sauƙi ne. Duk kayan cikin gari, a turo ɗigon daga bakin zaure, ba daga gindin murhu ba. A rubuta sunan maigida, shi za a tambaya. Direba kuma ya ce daga siton Alhaji Hambali, da cikakken suna, har a gama ƙirga ƙuri'a. Matan cikin gida ba za su je sito ba, maza kuma ba za su shiga wurinsu ba, saboda haka ana bukatar wata mai mayafi da za ta riƙa shiga tana karɓo ciniki tana tabbatar da ƙofa. Ban ce ni ba. Sai dai matan lungun Uwa da suka ɗanɗana ruwan sanyi sun fara tambayata ko akwai ƙarama, kuma ko ana biya kaɗan-kaɗan. Na ce sai na ji daga bakinka.

Zubaida ta kwance kayanta. Ban san me zan ce mata ba tukuna.

Allah ya ja kwana, ya sa a gama lafiya.

Taka mai girmama ka,
Hajiya 'Yardada.

* * *

Legas.

Hajiya,

Salamun alaikum. Na karanta takardarki, na sake karantawa don in gano inda kika yi mini wayo. Na san yana ciki, ban dai gan shi ba.

Nata'ala zai taso ranar Asabar da iyalinsa, a motata. Makullin kanta yana wurin mai gadin sito, na ce a ba shi.

A gaida Uwa.

Wassalam,
Alhaji Hambali.